Sarƙa Da Siproket: Jawabi Ga Matasanmu Masu Sana'ar Babur

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu masu sayar da kayan babur ya gabatar a zauren ƙungiya da ke Sabo, Ibadan, a taron da aka kira domin 'yan acaɓa da iyayen gidansu.

  

Da shugabanni suka ce in yi magana yau, sai na ce musu ni fa ba bakanike ba ne, ɗan kasuwa ne, karatuna kuma na allo ne da Islamiyya. Suka ce ai shi ya sa, domin wurinka ake zuwa da kuɗi, wurinka kuma ake dawowa da ƙorafi. To, haka ne. Na fi shekara ashirin ina zaune a shago ina miƙa wa mutane sarƙa da siproket, kuma tun daga watan Mayu na 2023, da aka janye tallafin man fetur lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, tambaya guda ce ta fi yawa a bakin shagona. Yaro zai zo ya ce, "Alhaji, a ba ni babban siproket na gaba, an ce yana rage shan mai." Wani kuma ya ce a ba shi wanda zai sa babur ɗinsa ya riƙa tashi sama. Kan wannan nake son mu ɗan tattauna, domin maganar akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma na ga waɗanda suka yi asarar kuɗin mako biyu a kanta, na kuma ga wanda ya kwanta a asibiti.

Bari mu fara da lissafin, ba shi da wuya. Babur yana da siproket biyu, wato faifan ƙarfen nan masu haƙora. Ƙaramin yana gaba a jikin inji, babban yana baya a jikin taya, sarƙa ce ta haɗa su. Kowa ya je ya ƙirga haƙoran nasa, galibi ma an buga lambar a jikin ƙarfen. Mu ɗauka alal misali na gaba haƙora 14 gare shi, na baya 42. In ka raba 42 gida 14 za ka samu 3. Ma'ana, sai ƙaramin ya juya sau uku kafin tayarka ta baya ta juya sau ɗaya. Wannan lamba ita ce sirrin duka. In ta ƙaru, babur zai samu ƙarfin ja da hawan tudu, amma gudunsa na ƙarshe zai ragu, inji kuma ya riƙa kuka da wuri. In ta ragu, babur zai miƙe a kan titi inji na kwance, amma zai yi nauyin tashi.

To, wanda ya cire 14 ya sa 15 a gaba, lissafinsa ya koma 2.8. Wato ya rage wa injin juyi kusan kashi bakwai cikin ɗari. A gudun da a da injinsa ke juyawa sau 6,000 a minti, yanzu zai yi 5,600. Wanda kuma ya sauko zuwa 13, lissafinsa ya zama 3.2 da ɗoriya, a wannan gudun dai injinsa zai kai kusan 6,500. Ku riƙe wannan: haƙori ɗaya a gaba daidai yake da wajen haƙora uku a baya. In ka bar 14 ɗinka a gaba ka sa 45 a baya, kusan abu guda ka yi da wanda ya sa 13. In ka sa 39 a baya, ka yi daidai da mai 15. Shi ya sa in yaro ya ce mini in ba shi 16 a gaba sannan in rage masa na baya, nakan tambaye shi ko jirgin sama yake son ya mayar da Boxer.

Abin da nake son ya shiga kunnen kowa shi ne, siproket ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko na sisin kwabo. Injin Boxer ɗin nan mai lamba 100 da yawancinku ke hawa, ƙarfinsa wajen doki takwas ne, giya huɗu gare shi. Yadda ya zo daga kamfani haka yake. Kai dai kana zaɓa ne, ko ka kashe ƙarfin a wajen ja, ko ka kashe shi a wajen gudu. Kamar ɗan dako ne da buhu, in ya ce zai ɗauki biyu a tashi guda dole ya rage sauri, in kuma sauri yake so sai ya ajiye ɗaya.

Yanzu mu dubi garin da muke zaune. Da a Kano muke, ko Gusau, ko irin filin nan na wajen Haɗeja inda za ka yi tafiyar rabin awa ba ka hau tudu ba, da na ce mai son 15 ya sa abinsa. Amma jama'a, Badun gari ne na tuddai, su kansu masu garin unguwa nawa suka sa wa suna da Oke, wato tudu a harshensu? Oke-Ado, Oke-Are, Oke-Aremo, ga Mapo a bisa tudu, ga Mokola nan a bakin ƙofarmu. Ka ɗauko mace da kwandonta da goyonta, ga cunkoso, ka tsaya a tsakiyar hawa, sannan ka ce za ka tashi da siproket 15. Me zai faru? Za ka riƙe kulochi rabi kana murɗa totur har babur ya motsa. Wannan riƙewar ita ke cinye faifan kulochi. Kuma man da kake zaton ka rage, nan yake ƙonewa, domin injin da aka danne shi da nauyi a babbar giya totur a buɗe ya fi shan mai bisa wanda ke juyawa cikin walwala. Za ka ga inda a da kake hawa da giya ta uku, yanzu sai ka sauko ta biyu. To ina ribar?

Akwai wani yaro ɗan unguwar nan, ba zan kama suna ba, yana nan yana jina. Babur na bashi ya karɓa yana biya mako-mako. Ya zo ya matsa sai na ba shi 16. Na ce masa kada ka yi, ya ce abokinsa ya sa kuma yana jin daɗi. Na tambaye shi ina abokin ke aiki, ya ce hanyar Oyo, yana kai mutane Moniya da gaba. Na ce kai kuma fa? Ya ce Bodija, yana ɗauko wa masu abinci buhunan barkono da albasa. Bai ji ba, ya je wani shagon ya saya. Ba a yi wata biyu ba ya dawo neman faifan kulochi, ya kuma sayi 14 ɗin da ya jefar. Makon nan bai iya kai kuɗin mai babur ba, sai da dattawa suka sa baki.

Saboda haka ga ra'ayina, kuma ra'ayi ne, wanda ya ga dama ya ɗauka. Mai aikin cikin gari, ya bar babur ɗinsa yadda kamfani ya yi shi. Mutanen da suka ƙera shi sun auna kafin su zaɓi waɗannan lambobi. Mai doguwar hanya shimfiɗaɗɗiya, wanda yawanci fasinja ɗaya yake ɗauka, yana iya ƙara haƙori ɗaya a gaba, ɗaya tak, zai ji injin ya huta, zai kuma ɗan ga sauƙin mai. Mai dakon kaya daga Bodija ko Shasha, ko mai shiga ƙauyukan da damina ke mayar da hanyarsu taɓo, shi ƙari yake bukata a baya, haƙora biyu ko uku. Na fi son a ƙara a baya da a rage a gaba, dalili kuwa shi ne ƙaramin siproket yana tilasta wa sarƙa lanƙwasa sosai, kuma haƙora kaɗan ne ke ɗaukar nauyin, sai su yi saurin cinyewa. Ƙasa da 13 kam ban ba kowa shawara ba. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: wanda ya sa babban siproket a gaba, in yana gangara tudu injin ba zai riƙe masa babur kamar da ba, aikin zai ƙaru a kan birki.

Kafin ka ƙara a baya, ka duba abu biyu. Na farko tsawon sarƙa. Kowane haƙora biyu da ka ƙara suna cin wajen gaɓa ɗaya, ita kuwa sarƙa bibbiyu ake ƙara mata gaɓa, don haka mai ƙara haƙora huɗu sai ya nemi ƙarin gaɓa biyu. Na biyu murfin sarƙa. Babban siproket yakan goga jikin murfin, sai yaro ya cire murfin gaba ɗaya ya ajiye a gida. Kuskure ne babba. Murfin nan shi ke kare sarƙa daga yashi da ruwa, shi ke kare zanen mata da bakin rigar malam daga shiga cikin haƙora. In siproket ba zai zauna da murfi ba, siproket ɗin ne ya kamata ya haƙura.

Na zo kan sayayya, inda nan ne fannina. A jikin sarƙa akwai lamba, mafi yawan baburanmu 428 ne. Lambar farko, wato 4, tana nuna tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa, rabin inci ke nan, ko milimita 12.7. Sauran lambobin faɗin cikin sarƙar suke nunawa. Akwai 420, wadda ake sa wa wasu ƙananan babura irin na roba-roba, tazararta ɗaya da 428 amma ta fi ta matsewa, ba za ta zauna daidai a kan siproket na 428 ba. In kuma aka juya, aka sa sarƙar 428 a kan siririn siproket na 420, za ta hau, amma za ta riƙa lilo hagu da dama. Ita 520 ta manyan babura ce, tazararta ma daban. In ka ga an ƙara harafin H a bayan 428, ma'anarsa ƙarafan gefen sun fi kauri, kuma ita nake ba masu ɗaukar kaya. Don Allah in za ka zo saye ka zo da tsohon siproket ɗinka a hannu. Ramukan noti na Bajaj da na TVS da na Honda da na Haojue ba lallai su zo ɗaya ba, haka bakin da ke shiga jikin inji. Kullum sai an yi mini jayayya a kan mayar da kaya saboda wannan.

Game da jabu kuwa, ni ɗan kasuwa ne, ba zan ɓoye muku ba, kwali ba shaida ba ne. Kwalin da ya fi kowane kyau ana buga shi. Ka fito da sarƙar ka auna nauyinta a hannu da wata. Ka kwantar da ita ta gefe ka ɗaga, mai kyau kaɗan za ta rusuna, marar kyau tun tana sabuwa za ta lanƙwashe kamar baka. Ka duba ko an buga lamba a jikin gaɓoɓin. Mu ma 'yan kasuwa mu ji tsoron Allah, in kaya mai araha ne a faɗa wa yaro mai araha ne, ya saya da saninsa. Ni kaina an taɓa sauke mini katan biyu na sarƙa a cikin kwalin kirki, na sayar da rabi kafin ƙorafi ya fara dawowa, haka na bi mutane ina mayar musu da kuɗinsu.

Yaushe sarƙa ta ƙare? Muna cewa ta miƙe, amma a gaskiya ƙarfen ba ya miƙewa. Ƙusoshin da ke cikin gaɓoɓi ne suke cinyewa, kowace ta ba da ɗan sarari, in aka tara sai sarƙa ta yi tsawo. Gwaji mafi sauƙi, ka je bayan babban siproket ka kama sarƙar ka jawo ta baya. In ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama aiki. Mai son awo kuma ya ja ta ta miƙe, ya ƙirga ƙusa 21, wato gaɓa 20. A sabuwar 428 zai samu milimita 254. In ta haura 259, a canza. Sannan ka dubi haƙoran. Sabon haƙori gefensa biyu daidai suke, kansa da ɗan faɗi. Wanda ya ci ya yi tsini ya karkata gefe guda kamar lauje. Ka fi sa ido kan na gaba, tunda shi ke juyawa sau uku kafin na baya ya yi ɗaya, ga shi kuma a ɓoye cikin murfi ba a ganinsa.

Nan ne nake rigima da mutane da yawa. In ajasta ta kai ƙarshe, sai a je wurin bakanike a ce ya cire gaɓa biyu. Sarƙa ta yi gajarta, an ji daɗi. Alhali kowace gaɓa da ta rage tana nan da sararinta, ba ta zauna cikin haƙora daidai ba, hawa kansu take yi. Irin wannan ce ke tsalle ta fita. In ta fita ta faɗi ƙasa, ka yi sa'a. In ta naɗe tsakanin siproket da ƙarfen da ke riƙe da taya, tayar baya ta ƙulle nan take. Wanda na ce muku ya kwanta a asibiti, abin da ya same shi ke nan a gangaren Mokola, da fasinja a bayansa. Wata uku bai hau babur ba, kuma har yau in ya yi tafiya za ka gane. Haka masu juya siproket su sa bayansa, wannan ma jinkirta sayayya ce ta 'yan makonni, a bakin sabuwar sarƙa.

Shi ya sa ake cewa a canza ukun tare. Sabuwar sarƙa a kan tsohon siproket ba ta daɗewa, domin haƙoran sun riga sun ci daidai da tsohuwar. Tsohuwar sarƙa kuma tana lalata sabon siproket. Na san za a ce Alhaji ciniki yake nema. To ku saya a ko'ina, amma ku sayi ukun. Sai dai in kayanka sababbi ne, ba su fi 'yan makonni ba, kana so ne kawai ka gwada wata lamba, wannan kana iya canza siproket ɗaya.

Wajen ɗaurawa, ko ba da hannunka za ka yi ba, ka tsaya a kan bakanike, kada ka bar masa babur ka tafi shan shayi. A ɗora babur kan babbar ƙafarsa, a kashe inji, a zare makulli. A sassauta notocin ƙaramin siproket tun sarƙa na jiki, wani ya taka birkin baya, in ba haka ba zai riƙa juyawa ne kawai. In an fitar da taya, a duba robobin nan da ke cikin cibiyar taya a bayan siproket. In sun mutu za ka riƙa jin ƙas duk sanda ka tashi, kuma wannan fizgar sarƙa ce ke shan ta. A duba boris ɗin wurin ma. Notocin babban siproket a ɗaure su a gicciye, wannan sannan na daura da shi, a lanƙwasa 'yan kunnuwan ƙarfen da ke hana su kwancewa. Sabuwar sarƙa takan zo da tsawo, a tura taya gaba tukuna, a gwada sau biyu kafin a yanke, domin abin da aka yanke ba ya komawa.

Sai ɗan makullin mahaɗi, wanda bai kai farcen yatsa biyu ba amma ran mutum na rataye da shi. Yana da kai rufaffe da baki buɗaɗɗe. Rufaffen kan ne zai fuskanci inda sarƙa ke tafiya. Wato in mahaɗin yana layin sama, rufaffen kai ya kalli inji, bakin ya kalli baya. In aka juya shi, duk abin da ya taɓa bakin zai ture shi ya fita. Ka sunkuya ka gani da idonka ya zauna cikin tsaginsa. Kuma kada a mayar da tsoho a kan sabuwar sarƙa.

Wajen ja, yawancin baburan nan santimita 2 zuwa 3 ake so sarƙa ta riƙa motsawa sama da ƙasa a tsakiyar layin ƙasa, wasu an rubuta nasu a jikin babur ko a littafinsa. A juya taya a nemi inda ta fi tauri, a nan ake aunawa. Yaranmu suna son su ja ta ta yi tsam kamar tsirkiya, wai don kada ta yi ƙara. Ku sani in fasinja da kaya suka hau, babur ya zauna, sarƙa ƙara tauri take yi. Wadda aka ja fiye da kima tana cin kanta, tana cin boris ɗin da ke bayan ƙaramin siproket, daga nan ka ga mai na tsiyaya, aiki ya koma buɗe inji. Ajasta ta hagu da ta dama kuma su tsaya kan zane ɗaya, in ba haka ba taya ta karkace, siproket ya ci gefe guda. Bayan an ɗaure notin taya a sake daidaita birkin baya, tunda taya ta matsa, sandar birki ma ta canza. Wannan ana yawan mantawa. Bayan kwana biyu ko uku ana aiki a sake duba jan, sabuwar sarƙa takan saki kaɗan.

Wani ya tambaye ni a waje kafin mu shigo, wai in ya canza siproket agogon gudu zai yi ƙarya? A baburan da wayar agogonsu ke fitowa daga tayar gaba, irin yawancin namu, ba abin da zai canza.

Saura mai. A wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, a goge, a ɗiga mata man giya mai kauri, lamba 90, ta ciki inda take haɗuwa da haƙora, ana juya taya da hannu. Da hannu na ce. Kada wanda ya tada inji ya sa giya ya kai tsumma kusa da sarƙa, yatsu nawa suka tafi ta wannan hanya. Littattafan babura da dama suna cewa a sa mai duk bayan kilomita 500, ku kuwa a mako guda kuna cinye wannan, da damina ma duk ranar da kuka sha ruwa ya kamata a ɗiga. Giris yana kama yashi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Tsohon baƙin mai da aka juye daga inji kuwa, na san shi kowa ke zubawa don kyauta ne, ya fi babu, amma akwai garin ƙarfe a cikinsa, kuma ba ya zama, rigar fasinja yake komawa.

Ranar Asabar bayan la'asar, in Allah Ya kai mu, zan zo nan bakin zaure da abin awo da sabuwar sarƙa da tsohuwa, tare da bakanike ɗaya daga cikin namu. Duk mai so ya kawo babur ɗinsa a ƙirga haƙora a auna sarƙa, ba a biyan ko kwabo. Iyayen gida masu ba da babur, ku ma ku turo yaranku.